Wurin da Ke Cikin Adudun Kakata

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan la'asar, ina zaune a zaure sai ga jikata ta yi sallama, rataye da wata 'yar jaka da aka jera wa wuri a baki. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo mini jakar ta ce, "Kaka, don Allah wannan abin ƙashi ne ko roba? Tun a makaranta muke musu da ƙawayena." Na karɓa na shafa, na ɗan ƙwanƙwasa ɗaya a haƙorina. Na jikin jakar roba ne, inji ya zuba shi. Na ce ta shiga ɗaki ta jawo mini adudun da ke ƙarƙashin gado, na kakata ne, Allah ya jiƙanta da rahama. A ƙasan adudun akwai ƙullin wani tsohon saƙi, a cikin ƙullin kuma akwai wuri na gaske guda 43. Na kwance na zube mata su a tafin hannu. Abin da ta fara cewa shi ne suna da sanyi, kuma sun fi na jakarta nauyi. Da ta girgiza su sai suka yi wannan ƙara da kunnena ya sani tun ina yaro, cakas-cakas, ƙarar da roba ba ta iya yi.

Na ce mata abin da ke hannunta gidan wata halitta ce mai rai, 'yar'uwar dodon koɗi, wadda take zaune a teku. Ta dube ni kamar ba ta gamsu ba. Ta zaro waya ta yi 'yan danne-danne, can sai ta matso ta ce, "Kaka, duba!" Ga shi nan kuwa a bidiyo, yana jan ciki a kan dutse cikin ruwa garai-garai, da 'yan ƙahonni biyu a gaba suna lalube. Na haura shekara saba'in ina ganin wuri, na karanta labarinsa a littattafai lokacin da nake koyarwa, amma sai ranar na ga mai shi yana tafiya. Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Abin da ya yi ta kai-komo a raina shi ne nake so in zauna in faɗa muku, 'ya'yana da jikokina, tun da sauran numfashi.

Ku fara ɗaukar wuri ɗaya ku dube shi da kyau. Bai fi gaɓar ɗan yatsa ba, yawanci santimita 2 ne ko ya ɗan ɗara. Bayansa a tashe yake kamar an kife ƙaramin ƙoƙo, gefe da gefe akwai 'yan ƙulle-ƙulle da yatsa ke ji. Cikinsa shafaffe ne, an tsaga shi daga sama har ƙasa, kuma bakin tsagar nan jere yake da haƙora hagu da dama. Launinsa fari ne mai ɗan ratsin ruwan ƙwai, wani har da ɗan kore-kore. Masana sun ba shi suna Monetaria moneta, wato wurin kuɗi, kuma asalin sunan daga wani masani ne ɗan ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, wanda ya rubuta shi cikin jerin halittu a 1758. Ko a wancan lokaci duniya ta riga ta san shi da kuɗi kafin ta san shi da rai. Cikin na kakata akwai guda biyar da aka goge wa baya a dutse don a samu hanyar zura zare. Idan ka ɗaga irin wannan ka leƙa, za ka ga wani abu a naɗe a ciki kamar an naɗe tabarma. Wannan naɗin shi ne shaidar cewa wuri katantanwa ne, ya dai ɓoye murɗinsa ne a ciki.

Yadda yake kaiwa ga wannan siffa abin a tsaya a yi tunani ne. Uwar takan zuba ƙwayayenta a ƙarƙashin dutse ko a wani ɗan lungu, sannan ta shimfiɗa jikinta a kansu ta rufe, ta zauna nan kwana da kwanaki har su ƙyanƙyashe, kamar yadda kaza ke kwanci. Yawancin dangin katantanwa zubarwa suke yi su yi gaba, ita kuwa tana zama. 'Ya'yan sukan fito ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sosai, ruwa ya yi ta yawo da su har lokacin da za su sauka ƙasa su kama dutse. A wannan ƙuruciyar, gidan da ɗan wuri yake ginawa siriri ne, mai faɗin baki, murɗinsa a fili, ba haƙori ko ɗaya, yatsa biyu sun isa su murƙushe shi. Haka zai yi ta ƙara tsawo, zagaye bayan zagaye. Sai ya kai munzali sannan leɓen gidan ya lanƙwaso ciki, bakin ya tsuke, haƙora su fito, bango ya yi kauri. Daga nan tsawo ya tsaya, sai ƙarin ƙwari.

Haƙoran nan da kowa ya san wuri da su, su ne aikinsa na ƙarshe. Ina so samarinmu su riƙe wannan. Ina ganin yaro bai gama sauke littafi ɗaya a gaban malami ba, bai taɓa riƙe sana'a shekara guda cur ba, amma ya buɗe shafi a Facebook ko TikTok yana gyara wa malamai karatu, yana yanka wa dattawa magana. Ba na faɗar haka don in kashe muku gwiwa. Ƙuruciya lokacin faɗin baki ne irin na ɗan wuri, wato bakin karɓa, a ci a sha a girma. Wanda ya yi gaggawar tsuke bakinsa ya fito da haƙora, to ya tsayar da tsawonsa da kansa. Ko a cikin wurin ma akwai wanda ya balaga yana ɗan mitsitsi, kuma haka zai ƙare rayuwarsa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sheƙinsa. Duk wanda ya taɓa tsintar katantanwa a bakin rafi ya san bayanta kaushi gare shi, ga dauɗa, ga gansakuka. Wuri mai rai kuwa santsi gare shi kamar tangaran, yana ɗaukar ido. A bidiyon da yarinyar nan ta nuna mini, da farko ban ma ga wurin ba. Abin da na gani wani ɗan dunƙule ne mai zane-zanen baƙi da fari, da 'yan tsiro-tsiro a jiki, ya saje da dutsen da yake kai. Sai da mai ɗaukar hoton ya taɓa shi da yatsa, sannan wata fata ta zame daga sama ta rabu biyu, rabi ya yi dama rabi ya yi hagu, ta shige cikin tsagar nan. Sai ga wuri ya bayyana yana ƙyalli.

Wannan fata riga ce daga jikin dabbar kanta. Takan fito ta bakin tsagar ta ɓangarori biyu, ta hau bayan gidan har gefunan su haɗu a tsakiya, ta lulluɓe shi ruf. Ita ce take tatso sinadarin gini daga ruwan teku da abinci, irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai, ta riƙa shafa shi a bayan gidan shafi bisa shafi, siriri ƙwarai. Ita ce take hana ƙura da gansakuka zama, ita ce take cike ƙarzuwa idan ta samu. Yawancin sauran katantanwa daga ciki da kuma baki kawai suke gina gidansu, bayan a buɗe yake ga rana da yashi. Shi wuri yana sheƙi ne saboda mafi yawan lokacinsa a rufe yake.

Iyayenmu idan za su yi wa mutum addu'a mafi tsada, cewa suke yi Allah ya rufa asiri. Ba su cika roƙon a yi suna ko a yi fice ba, sutura suke roƙo. Na daɗe ina jin wannan addu'a, amma ganin rigar wuri ya ƙara fahimtar da ni ita. Gidan aure da ya yi kyau, a rufe ya yi kyau: haƙurin da miji da mata suka yi wa juna wanda maƙwabci bai ji ba, tuwon da aka ci ba nama aka fito ana murmushi. Ilimin da ya zauna daram, a cikin dare aka shafa shi shafi bisa shafi, lokacin da babu mai kallo. Yanzu kuwa an wayi gari komai sai an ɗaga shi sama: abincin da aka ci, lefen da aka kawo, cikin ɗakin amarya, rigimar da aka yi da miji, har sadakar da aka ba maraya sai an sa fuskarsa a hoto. 'Yata, ɗana, abin da duk aka bari a buɗe yana kwasar ƙura, kuma ido da baki suna ƙarzar abu fiye da yashi. Ban ce ku ɓoye cuta ko zalunci ba, wanda aka zalunta ya faɗa wa wanda zai iya tsaya masa, wannan haƙƙinsa ne. Ni'ima da sirrin gida nake nufi, da aikin da bai nuna ba tukuna.

Ku dubi na kakata. Sun dushe, sun yi fari fat kamar ƙashi, wasu sun ƙarje. Tun ranar da aka raba kowannensu da mai shi ba a ƙara masa ko ɗigo ɗaya na sheƙi ba, sai dai ragi, hannu bayan hannu, kasuwa bayan kasuwa.

To, ina mazaunin wuri mai rai? Irin wannan wurin babu shi a tekun da ke kudu da mu, ko a Legas ko a Kwatano ko a Ankara ta Gana. Ɗan ruwan ɗumi ne na Tekun Indiya da Tekun Fasifik, tun daga gaɓar gabashin Afirka har can tsibiran Hawai. Ba ya son zurfi. Yana zama ne a bakin gaɓa, inda teku ke cika ta janye kullum, a cikin duwatsun murjani da ciyawar ruwa da 'yan kududdufan da ke saura idan ruwa ya janye, wani wajen ruwan bai wuce gwiwa ba. Da rana yakan laɓe a ƙarƙashin dutse ko cikin kogon mataccen murjani, sai dare ya yi ya fito kiwo. Abincinsa gansakukar da ke kan duwatsu ce, yana kankare ta da wani harshe mai kaushi kamar magagari. Maƙiyansa suna nan kusa: ƙaguwa mai fasa shi da ƙarfin hannu, kifaye masu ƙarfin muƙamuƙi, da wata halitta mai hannuwa takwas da take huda gidan ta cinye mai shi. Ba shi da murfin ƙofa irin na wasu katantanwa, tsukakken bakin nan da kaurin bango su ne kariyarsa. Ba shi da gudu, ba shi da dafi. Rayuwarsa duka a 'yar tazara kaɗan take, tsakanin maɓoya da makiyaya.

Inda ya fi yin suna shi ne tsibiran Maldif, kudu maso yamma da Indiya. Tsibirai ne kusan 1,200, an jera su rukuni-rukuni 26, kowane rukuni ya yi zobe da tafkin ruwa mai kwanciyar hankali a tsakiya. Murjani ne ya gina su, shi ma ƙananan halittu ne masu rai da suke tara gini a kan ginin iyayensu. Mutanen can Musulmi ne tun shekarar 1153. Shahararren matafiyin nan na Maroko, Ibnu Baɗuɗa, ya sauka a can a 1343, zamanin sarauniya Khadija, har aka naɗa shi alƙali. Ya ba da labarin yadda suke tsamo wuri daga ruwa su zuba a ramuka a bakin gaɓa, naman ya ruɓe ya ƙare, farin gidan ya saura. Tun kafin shi ma, wani marubuci mai suna Al-Mas'udi ya ambaci dabararsu ta jefa rassan kwakwa a ruwa, wuri ya hau ya manne, a jawo reshen a shanya a rana. Wani Bafaranshe mai suna Firar, wanda jirginsu ya fashe a can a 1602 ya zauna shekara biyar, ya ga mata suna shiga ruwa har ƙugu suna tsintarsa sau biyu a wata, a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa, lokacin da teku ta fi janyewa. Ana ɗura shi a kwandunan ganyen kwakwa, kowanne 12,000, a loda wa jirage zuwa Bangal a musanya da shinkafa.

Ku ji lissafin Ibnu Baɗuɗa. A Maldif, dinari ɗaya na zinariya yakan sayi wuri 400,000, wani lokaci ma fiye. Bayan shekara goma, da ya zo ƙasar Mali da birnin Gawo a bakin Kwara, ya tarar da wurin nan dai ana ba da 1,150 a dinari. Abu ɗaya ne, siffa ɗaya, nauyi ɗaya. Nisa da wahalar raƙuma a Sahara ne suka ɗaga shi, da kuma yardar da mutane suka yi cewa kuɗi ne.

Daga Maldif zuwa Kano ya fi kilomita 7,000 a miƙe, kuma wuri bai taɓa zuwa a miƙe ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ya zauna mana har ya shiga harshe ya ƙi fita. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Har gobe idan an biya tsaba a take sai ka ji an ce wuri na gugar wuri, kuma mai faɗar haka wataƙila bai taɓa riƙe wuri ba. Haka ma a Gana, sunan kuɗinsu na sidi daga sunan wuri yake a harshen Akan. Kakanninmu suna da lissafinsu: hauya 20, zangu 100, zambar 1,000, keso 20,000, wanda shi ne kayan ƙato guda. Baturen nan ɗan Jamus, Dakta Bart, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya zo Tasawa da Kano a farkon 1851. Ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. A Tasawa ya ga an zauna ƙirga wuri 500,000, mutum biyar ko shida suna taya juna, domin a nan ba a shirya shi a zare kamar a bakin teku, ɗaiɗai yake. Kakata ta nuna mini yadda ake yi. Ta zauna a tabarma ta baje su, ta riƙa jan biyar-biyar da yatsun hannu biyu, shar, shar, shar, bakinta na motsi, ba ta ko kallon hannun. Ta ce da tana yarinya da wuri take sayo wa uwarta daddawa da gishiri, kuma mai ƙirga na gaske ana ɗaukarsa aiki a kasuwa kamar yadda ake ɗaukar dillali.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba shi da daɗin faɗa, amma in na tsallake shi na ci amanarku. Tun wajen 1515 'yan Fotugal suka fara kawo wuri gaɓar Afirka ta Yamma ta ruwa, daga baya 'yan Holan da Ingila suka karɓe cinikin. Sukan zuba shi a ƙasan jirgi don ya ba jirgin nauyi, su kai shi Amstadam da Landan a yi gwanjonsa, a sake lodawa zuwa tashoshi irin su Wida da Legas. Masana tarihi biyu, Hogendon da Mariyon Jonson, da suka bi takardun kamfanonin suka fitar da littafi a 1986, sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai an shigo da fiye da biliyan 10. Babban abin da aka saya da su mutane ne. Jirgi ya sauke gidajen matattun katantanwa, ya ɗebi 'ya'yan mutane masu rai, masu uwa da uba da suna, ya haye da su Amurka. Kada kuma mu ɗora wa Bature shi kaɗai mu wanke hannu. A kasuwanninmu ma an tsayar da ɗan Adam an yi masa kuɗi da keso, kuma da yake wuri yana da nauyin ɗauka, fatake sukan riƙe bawa a matsayin babban kuɗi, su sayar da shi a hanya idan guzuri ya ƙare. Duk lokacin da na zuba na kakata a hannu, nakan tuna cewa zai yiwu wani daga cikinsu ya taɓa shiga cinikin da ya raba uwa da ɗanta.

Allah ya kawar da wancan zamani, amma zuciyar da ta yi shi tana nan. Wanda ya sace ɗan maƙwabcinsa don kuɗin fansa, da wanda ya sayar wa yara ƙwaya ya san za ta haukata su, da uban da ya tura 'yarsa gidan da ya san za ta wulaƙanta don an cika masa hannu, duk ciniki ɗaya suke yi da na Wida. Ina roƙonku da girman Allah, duk matsin da za ku shiga, kada ku sa mutum a sikeli ɗaya da kuɗi.

Ƙarshen sarautar wuri kuwa daga ɗan'uwansa ta zo. A gaɓar Zanzibar akwai wani iri da ake kira Monetaria annulus, mai zoben ruwan zinariya a bayansa, ga shi da yawa, ga araha, ga kusa. Daga 1845 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka fara jigilarsa kai tsaye zuwa Afirka ta Yamma, wasu suka bi sahu, cikin shekara ashirin da 'yan kai suka antayo biliyoyi. Kasuwa ta cika ta batse. Abin da ake saye da zangu ya koma sai da zambar, har ta kai ga ladan ɗan dako yana neman cinye kuɗin da ya ɗauko idan tafiyar ta yi nisa. Mutanen da suka cika rumbu da tukwane da wuri, suna ganin sun tara wa jikoki, suna zaune dukiyarsu ta narke ba ɓarawon da ya shigo. Turawan mulki suka hana shigo da shi a 1904, suka kawo anini mai huda a tsakiya, suka ce da kuɗinsu za a biya haraji. Wuri ya ɗan ƙara jan ƙafa a kasuwannin ƙauye, sannan ya koma adon 'yan dambe da ƙwaryar amarya da kitson Fulani. Wasu kuma suka mai da shi kayan duba, suna watsa shi a ƙasa wai zai faɗa musu gobe. Ku yi nesa da wannan. Halittar da ba ta iya kare kanta daga ramin da aka binne ta ba, gidanta ba zai san gaibu ba, kuma addininmu ya hana.

Kakata ta ce mahaifinta yana cikin waɗanda abin ya ci. Da ya rasu an tarar da tukwane uku cike da wuri a binne a ɗakinsa, ba su sayi ko akuya ba. Abin da ya riƙe gidan bayansa shi ne rinin da ya koya wa 'ya'yansa maza da saƙar da matan gidan suka iya. Ni ma a rayuwata na ga fam da sule sun tafi, naira ta zo a 1973, na ga lokacin da kwabo yake sayen ƙosai a ƙoshi, na ga lokacin da yaro ba zai sunkuya ya ɗauki naira biyar a ƙasa ba. Shi ya sa gabana yake faɗuwa idan na ji matashi ya sayar da keken ɗinkinsa ko gonar gado ya zuba a wata harkar intanet da aka ce kuɗi na ninka kansa a wata guda. Wani ɗan ƙanena ya yi haka, ya zo nan zauren ya zauna yana hawaye, ban iya ce masa komai ba sai haƙuri. Ku nemi kuɗi, halak ne, kuma talauci ba abin so ba ne. Amma ku riƙe abin da yake haifar da kuɗin: sana'ar hannu, ilimi, ƙasa, da amanar da ke sa a ba ku kaya bashi ba tare da takarda ba.

Shi kuwa wuri mai rai yana can inda yake, bai san an taɓa naɗa shi sarki ba balle ya san an tuɓe shi. Har yanzu yana da yawa, sai dai mazauninsa ne yake cikin damuwa. A 1998, da kuma 2016, ruwan tekun Maldif ya yi zafin da ya wuce kima, murjani mai yawa ya yi fari ya mutu. Hayaƙin da duniya ke fitarwa yana narkewa a teku yana ƙara mata tsami, kuma ruwa mai tsami yana wahalar da duk halittar da ke gina gida da sinadarin alli. Tsibiran kansu ba su fi mita ɗaya da rabi a saman ruwa ba a matsakaici, teku kuwa tana ƙara hawa. A 2009 shugabansu na lokacin, Muhammad Nashid, ya tara ministocinsa suka yi zaman majalisa a ƙarƙashin ruwa da kayan nutso, don duniya ta waiwaye su. Mutanen da matansu suka yi ɗaruruwan shekaru suna shiga ruwa har ƙugu don tsinto abin da kakanninmu suka yi cefane da shi, 'yan'uwanmu ne Musulmi, kuma yau suna fargabar ruwa ya cinye garuruwansu. Ku sa su a addu'a. Mu da muka ga yadda Tafkin Chadi ya ja baya da yadda hamada ke cin gonaki, ba baƙin wannan fargaba ba ne.

Kafin jikata ta tashi na zaɓi uku na ba ta, ɗaya mai gogaggen baya don ta nuna wa ƙawayenta naɗin ciki. Na ce kada ta huda su, kada ta liƙa su a jaka, ta ƙulle su a tsumma ta ajiye. Ku ma ku je ku tambayi tsofaffin gidanku, musamman mata, tun suna raye. Ku ce su buɗe muku adudu da tsofaffin tukwane, su nuna muku yadda ake ja biyar-biyar, su faɗa muku abin da iyayensu suka saya da abin da suka yi asara. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya yi muku albarka. Saura 40 suna nan a ƙullinsu, duk wanda ya zo gaishe ni bayan la'asar zan zuba masa su a hannu.